Ɗalha Mai Ƙugiya da Mai Karanta Masa

Da an idar da sallar asuba a unguwarsu ta bayan tasha a Gumel, Malam Ɗalha ba ya komawa barci. Yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jingina da bango, ya lumshe ido, ya karkata kunnensa na dama wajen matarsa Hannatu. Ita kuwa waya ce a hannunta, yatsanta a kan rubutun, tana karatu sannu-sannu kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Can sai ya ɗaga hannu ya ce ta ɗan koma baya. Ta koma. Ya faɗi gyara, ta danna. Haka za su yi ta yi har rana ta hau katanga, sannan ya ɗauki sandarsa ya nufi teburinsa na gindin darbejiya kusa da kotu. Baƙo sai ya zaci labari ake karanta wa tsoho don ya ji daɗi. Aiki suke yi, kuma da shi gidan yake ci.

Sana'ar Malam Ɗalha ita ce rubuta wa mutane abin da suke son faɗa, da gyara abin da suka rubuta da kansu. Ya haura shekara talatin a kanta. Bai taɓa cin albashin kowa ba, kuma babu fanshon da ke jiransa. Ni da nake rubuta wannan, karatuna bai yi nisa ba, sai dai Allah ya yi ni da son tsayawa kallon abin da mutane ke wucewa, kuma na daɗe ina kallon mutumin nan.

Abin da ya fara tsayar da ni a gabansa ɗan ƙaramin abu ne. A zamanin da yake buga wa mutane wasiƙu da takardun ƙara da tafireta, injin nasa ba shi da haruffan nan namu masu lanƙwasa a ka. Sauran masu tafireta ba su damu ba, yadda takarda ta fito haka suke miƙa ta. Shi kuwa sai ya zare ta, ya ɗauki biro, ya bi ta layi-layi yana ɗora wa kowane harafi lanƙwasarsa da hannu, mai takarda na tsaye yana ƙorafin motar Gagarawa za ta tashi ta bar shi. Idan aka matsa masa sai ya ce sunansa ma da lanƙwasa ya fara, duk wanda ya cire ta wani mutum ya kira, ba shi ba. Daga nan aka sa masa Mai Ƙugiya. Sunan ya dace da shi. Wanda gugansa ya taɓa faɗawa rijiyoyin ƙasar nan masu zurfi ya san aikin ƙugiya: ɗan ƙarfe ne lanƙwasasshe da bai cika hannu ba, amma shi ke fito da abin da ya nutse. Nakan zauna in yi ta tunanin irin ma'anonin da ke kwance a ƙasan takardu, an rasa mai zura musu ƙugiya.

Kasuwar rubutu ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ta jira shi ba. Shagunan kwamfuta suka zo suka kashe tafireta, sai ya koma gyara wa ɗaliban kwaleji ayyukansu kafin su kai a buga, da tsara katin biki da sanarwar rediyo. Akwai lokacin da wata ƙungiya ta shigo ƙasar Gumel da aikin fassara takardun kiwon lafiya, ta riƙe shi gam, har ya soma sallamar masu kawo ƙananan ayyuka. Rana ɗaya ƙungiyar ta naɗe kayanta ta tafi. Ya sha wuya a shekarar nan, ya bi mutanen da ya sallama gida-gida yana ba su haƙuri. Tun daga lokacin yake cewa teburinsa gonar Gumel ce, gero da wake da riɗi a fili ɗaya, in wannan ya ƙi, wancan ya rufa asiri.

Ranar Alhamis kuwa ta kasuwar Maigatari ce. Alhaji Cindo, dillalin raƙuma da ke tsallakowa daga Nijar, shi ya ba ni labarin yadda Malam Ɗalha ya samo wa kansa gurbi a can. Mutanen Damagaram da suka yi makarantar Faransanci Hausa ɗaya suke yi da mu, amma in suka zo rubutawa sai shanu su zama chanou, shi kansa Cindo ya zama Tchindo. Namu su yi ta juya takarda su kasa gane dabbar da ake nufi. Malam Ɗalha ya zauna ya koyi hannun nasu, ya haɗa da ajamin da ya taso da shi, har ya zama in an ƙulla ciniki shi ke rubuta shi da boko irin namu da irin nasu da ajami, kowa ya karanta da wanda ya iya. Alhaji Cindo yakan tsokane shi da cewa shi kaɗai ne a bakin iyaka yake tsallakar da kaya kwastan ba sa tare shi.

Da wayoyi suka fara rubuta wa mutane wasiƙa da kansu, ka faɗa musu abin da kake so su zubo maka, abokan sana'arsa na gindin darbejiya suka watse. Wani ya koma sayar da katin waya, wani tuƙin adaidaita. Shi sai ya sa aka nuna masa abin, ya wuni yana yi masa tambayoyi kamar wanda ya yi baƙo daga nesa: daga ina yake, wa ya koya masa Hausa. Da aka tambaye shi yadda ya gan shi, ya ce baƙon yana da ladabi, yana da sauri, amma bai taɓa cin kasuwar Maigatari ba. Ya soma karɓar abin da waya ta rubuta yana mayar da shi maganar mutane. A tsakanin nan ne Jannatu ta same shi, wata matar aure a Sule Tankarkar mai rubuta labarai kashi-kashi tana sakawa a zaurukan mata na cikin waya, masu karatu suna biya. Ita ta jawo masa ƙawayenta marubuta, har aikinsu ya zama shi ne geron gonar.

Sai ido ya juya masa baya. Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne, magani zai tsare abin da ya rage, amma wanda ya tafi ya tafi. Manyan abubuwa yana ganinsu, mutum, jaki, bakin ƙofa. Lanƙwasar harafi ce ta ɓace masa. Mutumin da ya yi suna da ƙugiya ya wayi gari ba ya bambanta fada da faɗa.

Wani kashi na labarin Jannatu ya bi ta hannunsa ya fita da kurakurai, masu karatu suka yi ta yi mata dariya. Ta kira shi a waya, ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi jiki, ta tambayi Inna Hannatu, sannan ta ce:

"Baba, ko in ɗan rage maka nauyi? Ka huta, in ido ya yi sauƙi sai mu ci gaba."

Ya gane maganar. In ta tafi ƙawayenta za su bi ta, kuma idon nan ba mai yin sauƙi ba ne. Ya roƙe ta ta turo kashi guda kawai. In ya fita da kuskure, shi da bakinsa zai ce ta nemi wani.

Ta turo. Ya sa tabarau, ya cire. Ya kai wayar bakin hancinsa, ya fita rana, ya dawo inuwa. Ya sa aka kunna masa muryar da ke karatu a cikin wayar, ta karanto masa Hausa kamar wanda ya cika baki da garin kwaki, ya kashe ta. Hannatu tana gefe tana tankaɗe. Ita boko da girmanta ta koye shi, a ajin matan unguwa, bayan ta aurar da 'ya'yanta, kuma Malam ya sha yi mata ba'a cewa kafin ta gama karanta takardar magani mara lafiya ya warke. Ta karkaɗe gari daga hannunta ta ce ya kawo ta gwada, in ya so ya yi dariyarsa.

Ta ɗora yatsa ta fara. Labarin wata mata ce da mijinta ya dawo daga tafiya ya tarar ba a ajiye masa abinci ba. Hannatu ta kai wani wuri ta karanta cewa mijin ya bata rai. Ta tsaya, ta ɗago kai.

"Astagfirullah. Malam, yarinyar nan ta san abin da take rubutawa kuwa? Miji ne zai ba ta rai? Ai Allah kaɗai ke ba da rai."

"Ɓata rai take nufi, Hannatu. Fushi ya yi."

"To ni dai ba a sa masa ƙugiya ba. Abin da na gani na faɗa."

Malam Ɗalha ya ce ta ci gaba. Ba a jima ba matar cikin labarin ta zauna a kasa, Hannatu ta ce wace irin mace ce wannan da za ta hau maciji ta zauna, ba ta tsoron sara. Can kuma miji da mata suka yi fada a tsakar gida, ta tambaya wane sarki ne ya sauka a gidan. Malam ya yi ta dariya. Ya gano wani abu. Duk wanda ya ƙware a karatu, idonsa ke yi masa gyara bai sani ba. Ya ga bata ya ce ɓata ya wuce abinsa. Shi kansa shekaru ya yi yana kokawa da idonsa a kan wannan halin. Hannatu kuwa ba ta koyi wannan wayon ba. Abin da ke rubuce shi ke fita bakinta, ba ragi ba ƙari. Kuskuren da idonsa ya daina gani, ga shi yana zuwa kunnensa da ƙafarsa.

Ya kwatanta mata yadda ake danne harafi a waya har ƙugiyarsa ta fito. Suka wuni a kan kashin nan, tankaɗe ya bi ruwa, ranar sai maƙwabta ne suka aiko da tuwo.

Jannatu ta karanta abin da aka mayar mata, ta nemi kuskure ta rasa. Har ta tarar an taɓa wuraren da ba a saba taɓa mata ba, inda magana ta yi tsawo mutum ba zai iya faɗarta da numfashi ɗaya ba, domin duk inda numfashin Hannatu ya ƙare, nan Malam yake sa aya. Ta kasa haƙuri, ta shigo motar Gumel ta zo ta ga ko idon ne ya warke. Ta tarar da su a kan tabarma. Ta zauna ta ji labarinta a bakin tsohuwa, ta rufe fuska da mayafi don kunya da dariya. Da za ta tafi ta ce daga yau sunan su biyu za ta riƙa sawa a ƙarshen kowane labari, a matsayin masu gyara. Hannatu ta ce a bar ta, ita me ta iya. Malam ya ce a sa, kuma nata a gaba, tunda sunanta ba shi da ƙugiyar da za a manta.

Kai ne, Malam Ɗalha, Mai Ƙugiya, mai tsamo guga. Kai ne wanda sana'a ta yi ta sauya wa kama, kowane karo ka tsaya ka dube ta da kyau ka tambaye ta abin da take so yanzu. Ba ka zagi kwamfuta ba, ba ka zagi waya ba, ko idon da ya gudu ya bar ka ba mu ji ka zage shi ba. Ke kuma Hannatu, ke ce kika shiga ajin karatu da furfura ana yi miki dariya, ashe abincin gidanki kike nema ba ki sani ba. Wannan rubutu ban kawo muku ku gyara ba, don na san za ku hana a buga. In an ga wata ƙugiya ta faɗi a hanya, laifina ne.

Akwai abu guda da ke damun Malam yanzu, shi ya faɗa mini a gindin darbejiya. Karatun yau da gobe ya sa Hannatu ta fara sauri. Yatsan ya soma sauka daga kan layi. Kwanan baya ta ga bata ta ce ɓata ta wuce, sai da ta kai ƙarshen shafi jikinta ya ba ta, ta koma ta gani. Malam ya dafe kai ya ce:

"Hannatu, don girman Allah kada ki iya karatu."

"Da ban iya ba ka yi mini dariya, yanzu na iya kana kuka. Wai me kake so ne, Malam?"

Ya ce yatsa yake so. Ta yi ɗan tsaki, ta mayar da shi inda yake.

Mun gode, Malam Ɗalha. Mun gode, Hannatu. Allah ya tsare abin da ya rage na ido, ya ƙara wa kunne kaifi, ya bar ku tare a kan tabarmar nan. Ku kuma matasan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da kuke son ku ci abinci da alƙalami, ku je gindin darbejiya ku zauna tun yana nan. Kada ku shuka abu ɗaya a gonarku, kada ku ji tsoron baƙon da ke cikin waya. In kuma kuka ji kun ƙware har ido ya fara yi muku gyara, ku yi irin ta Hannatu, ku mayar da yatsa kan layi.