Motar da Aka Ce Ba Ta Son Mama

A shekarun da na yi ina gyaran mota a Fagge, motocin da suka bi ta hannuna ba su ƙirguwa, yawancinsu ko launinsu ba zan iya tunawa ba. Amma akwai wata tsohuwar akori-kura fara da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Mahaliccina, ita da mutum biyun da suke shigarta.

Abin ya faru ne a shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula. Ina tunawa sosai, domin har lokacin hotunan 'yan takara ba su gama ɓallewa daga katangar garejinmu ba, kuma duk wanda ya kawo gyara sai ya zauna a benci ya karanta mana yadda ƙasa za ta gyaru. Ni kuwa ina ganiyar ƙarfina, kuma in faɗi gaskiya, ina ji da kaina. Daga Kwaciri har cikin Sabon Gari an san cewa in mota ta gagara, wurina ake kawo ta. Wannan yabo ya shiga kaina fiye da kima.

Mai motar wani dattijo ne ɗan ƙabilar Ibo, Kirista, amma haifaffen Sabon Gari. In yana Hausa a bayan katanga sai ka rantse Bakano ne. Siriri ne kamar karan dawa, kowa Baba yake ce masa. Matarsa kuwa, wadda muke kira Mama, doguwa ce kakkaura, in ta tsaya a ƙofar shago sai ta cika ta. Shagon kayan masarufi suke da shi, kuma sau biyu a mako suna zuwa Kasuwar Singa sarin kaya: madara, sukari, sabulu, taliya. Shi ne mai tuƙi, ita ce mai ciniki. Mama ta sha faɗa cewa in aka bar Baba da ɗan kasuwa, tausayin mai kaya yake ji, har ya so ya ƙara masa.

Wata safiya Baba ya shigo gareji ya ce da ni, “Malam, 'yar tsohuwar nan ta fara tari.”

Ya yi mini bayani cewa ana cikin tafiya lafiya lau sai inji ya sarƙe, mota ta fizga sau biyu ko uku, wani lokaci salansa ta buga kamar an yi harbi, sannan ta ware ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Wannan shi muke kira misin a gareji, wato wuta ta riƙa ɗaukewa tana dawowa a cikin inji. Na tayar da motar, na kasa kunne, ba abin da na ji sai lafiya. Na shiga na tuƙa, Baba yana gefena, muka zaga Fagge muka dawo, ko gezau. Sai na canza mata fulogi na ce ya tafi, an gama.

Bayan kwana uku ga shi ya dawo. A lokacin ana fama da layin mai, mutane suna sayen na galan a bakin titi, wanda sau da yawa gauraye yake. Na ce to, gurɓataccen mai ne. Na kwance kafireta na wanke, na sauke tanki na ɗauraye, na sa sabuwar matatar mai. Mako bai zagayo ba ya sake dawowa. Na canza kwayil, wato abin da yake tura wuta ga fulogi, na canza wayoyin fulogi, na buɗe distiributa na duba ta ciki da waje. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, motar nan ba ta taɓa yi a gabana ba. Kamar yaron da yake kukan ciwo a gida, da an isa gaban likita sai ya hau wasa.

A zuwansa na huɗu Baba ya ja ni gefe, ya rage murya.

“Malam, akwai abin da na lura da shi, amma kada ka yi mini dariya. Motar nan ba ta yi sai in Mama tana ciki.”

Ni kuwa dariyar na yi, har da riƙe ciki. Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na juya na faɗa wa sauran makanikai, su ma suka kwashe. Kafin mako ya ƙare magana ta fita daga garejinmu ta tsallaka Sabon Gari, a layinsu ana ta cewa motar Baba ba ta son Mama. Masu wasa suna wasa, wasu kuma suka ce nauyinta ne ya fi ƙarfin inji, wasu ma suka fara raɗe-raɗin ko akwai wani abu a jikinta. Duk daga bakina abin ya samo asali, kuma ko a jikina. A yanzu in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, domin dattijon nan amana ya ba ni na mai da ita abin hira.

Aka yi mako biyu ban ga Baba ba, na ɗauka gyarana ya ci. Ran nan sai ga shi da la'asar, ya ajiye motar ya zauna a benci bai ce a duba komai ba. Ya rame a kan ramarsa. Na tambaye shi motar, ya ce lafiyarta ƙalau, ko sau ɗaya ba ta yi ba.

“To madalla, Baba. Ka ga mun kamo ta ke nan.”

Ya girgiza kai. “Mota lafiya, gida ne ba lafiya. Mama ta daina shiga. Ta ce tunda ita ce ciwon, ta ba mu wuri. Shekaranjiya da ƙafa ta tafi Singa, ga ciwon gwiwa, ta dawo ƙafafu sun kumbura. Kuma ba ta yi mini faɗa ba, Malam. Da faɗa ta yi da na ji daɗi. Ka nemo mini mai saye, zan rabu da motar.”

Na san abin da motar nan take a wurinsu. Da ita suka yi ta jigilar kaya har suka ilimantar da 'ya'yansu, kuma in ta tafi shagon ma ba zai daɗe ba. Amma ba wannan ne ya fara dukan zuciyata ba. Mako biyu Mama ba ta shiga ba, mako biyu mota ba ta yi tari ba. Ashe abin da na yi wa dariya shi ne gaskiya guda ɗaya da aka kawo mini tun da aka fara wannan wahala. Na ce da Baba ya ba ni zuwa gobe.

Washegari da hantsi na wanke hannu, na sa riga mai tsabta, na nufi shagonsu. Na tarar da Mama a zaune, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan kwali. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, sannan ta dube ni sama da ƙasa.

“Kai ne mai gyaran da ya ce mota ba ta so na?”

Na ce, “Ni ne, Mama. Bakina ne ya yi ɓarna, na zo ki yafe mini. Kuma na zo neman taimako, don aikin ya fi ƙarfina. In motar za ta yi, me kike ji?”

Ta ce, “Wata biyu ana wannan abu, sai yau aka tambaye ni.”

Daga nan ta shiga bayani, kuma wallahi ban taɓa jin mai mota ya yi bayani dalla-dalla kamar nata ba. Ta ce a kan kwalta mai kyau ba ta yi, sai an shiga gargada. Kuma ba kowane rami ba, sai in tayar ɓangarenta ce ta faɗa. Kafin inji ya sarƙe, takan ji wata 'yar ƙara a ƙarƙashin kujerarta, kamar ana ƙyasta ashana, wani lokaci kuma da ɗan ƙauri irin na leda in ta taɓa wuta. Na tambaye ta ko ta faɗa wa Baba. Ta harare shi, da ma yana tsaye a bayan kantar shagon yana ta gyara gwangwanayen da ba su karkace ba.

“Na faɗa masa. Ya ce bola ake ƙonawa a bakin hanya.”

Na roƙe ta ta shiga motar sau ɗaya tak. Da farko ta ƙi. Da na nace, ta gyara ɗaurin zanenta ta miƙe tana dafa kantar shagon, ta ce, “Ba don shi ba. Don ka tako har nan ka durƙusa.”

Na karɓi tuƙi, Mama ta zauna a wurinta, Baba ya hau baya inda ake loda kaya yana riƙe da ƙarfe. Na ɗauki hanyar Bata, na zaɓi layin da na san ya fi kowanne lalacewa. Da na hango wani rami, da gangan na jefa tayar ɓangarenta a ciki. Nan take inji ya sarƙe, mota ta fizga, salansa ta buga. Kuma a daidai lokacin na ji ta da kunnena, 'yar ƙarar nan ta ƙyasta ashana, daga ƙarƙashin Mama.

Ta ce, “Ka ji ko?”

Na ce, “Na ji, Mama.”

Na gangara gefen titi na kashe. Ta sauka, na ɗauko sifana na kwance kujerar a nan inda muke, 'yan dako da masu talla suka fara taruwa suna leƙe. Da na ɗaga ta, sai ga wata jar waya da ba ta da dalilin zama a wurin, an bi da ita ta ƙarƙashin ƙarfen kujera. Robar jikinta ta cinye, wurin ya yi baƙi. Na bi ta da yatsa har na isa ga wani ɗan makunni da aka ɓoye a lungu. Wayar da take kai wuta ga kwayil ce aka yanke aka zagayo da ita ta nan. Ni da Baba ba mu da nauyi, in mun zauna kujerar ba ta sauka. In Mama ce, kuma aka faɗa rami, sai ƙarfe ya danne wayar, wuta ta zurare ta jikin mota, inji ya rasa ta na ɗan lokaci.

Na ɗaga kai na dubi Baba. Ya sosa ƙeya.

“Lokacin da satar mota ta yi yawa ne na sa wani mai haɗa waya ya yi mini. In na kashe shi, ko ɓarawo ya samu makulli ba za ta tashi ba. Ya ce kada in faɗa wa kowa, in ba haka ba ya tashi daga sirri.”

Mama ta riƙe ƙugu. “Makullin gida yana hannuna, na shago yana hannuna. Ni ce ɓarauniyar da za ka ɓoye wa makunni?”

Mutane suka fashe da dariya, ni ma na fara murmushi. Sai na kifa kujerar don in duba ƙasanta, nan take murmushin ya ɓace. Soson ya ƙone wajen faɗin tafin hannu, ya yi baƙi ƙirin, kuma bututun mai ba shi da nisa da wurin. Na nuna wa Baba na ce da an ci gaba a haka, wata rana ba tari za ta yi ba, wuta ce za ta tashi.

Baba ya sa yatsa ya taɓa wurin ƙunar. Ya ja da baya ya zauna a bakin kwata, a ƙasa, cikin mutane. Ya yi wata magana da yarensu wadda ban fahimta ba, sannan ya ce da Hausa, muryarsa can ƙasa, “Ni na sa miki wuta a ƙarƙashi, kuma na bari gari yana miki dariya.”

Mama ta dube shi, fuskarta ta sauya. Ta taka da ƙyar ta isa inda yake, ta miƙa masa hannu.

“Tashi, za ka ɓata wando, kuma ni ce mai wankewa.” Da ya miƙe ta kakkaɓe masa baya, sannan ta juyo gare ni. “Malam, gyara mana. Singa za mu, sukari ya ƙare a shago.”

Gyaran da ya cinye mini wata biyu bai ɗauki minti goma sha biyar ba. Na yanke wurin da ya lalace, na sa sabuwar waya, na naɗe ta da baƙin salatif, na bi da ita ta inda ƙarfe ba zai taɓa ta ba. Makunnin kuwa Mama ta ce a bar shi, amma a nuna mata yadda ake kashe shi. Baba ya karɓi tuƙi, na koma baya, muka shiga gargada har Singa mota ba ta ce uffan ba. Ta gilashin baya ina hango su, ita tana nuna masa ramuka da yatsa, shi yana gyaɗa kai kamar ɗan koyo. Da yamma sai ga kwalin taliya an kawo gidana, wai in ji Mama a ba maiɗakina, ta yi haƙuri da miji mai surutu.

Baba ya daɗe da rasuwa, Mama kuma 'ya'yanta sun zo sun tafi da ita. Ni ma yanzu idona ya yi rauni, zama nake a benci ina kallon masu ƙarfi suna aiki. Amma tun daga ranar ban sake buɗe murfin inji ba sai na fara tambayar wa yake shiga motar, a ina yake zama, me yake ji, kuma duk abin da aka faɗa mini, komai rashin kan gadonsa, ba na dariya sai na gwada. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da na ƙaro a kai shi ne, sau da yawa wanda yoyon yake zuba a kansa yana nan zaune kusa da kai da amsar a bakinsa, ba abin da yake jira sai a girmama shi a tambaye shi.