Manhajar da ta ce sai ta ga hanjin Linux

Ga ni kan tudu a bakin daji, hanyar Randagi, na ɗaga waya ina farautar sabis. Yaya Iliya ko kashe babur bai yi ba.

Manhajar koyon buga rubutu nake son saka wa ɗalibaina a kwamfuta. Ta ƙi shiga, wai sai na sauko mata da fayilolin cikin Linux, babbar manhajar kwamfutar.

Da na yi wa Yaya bayani ya ce, "Kai Sani, tela zai ɗinka rigar kujerar babur, sai ya ce a kwance masa inji? Hau mu tafi. Wanda ya rubuta ta bai taɓa tsayawa nan ba."

Masu rubuta manhaja, me ya kai ƙaramar manhaja hanjin babba? Ku amsa, in na samu sabis zan gani.