Rakiyar Iya zuwa gindin ɗorawa

Matso kusa ka ji, wannan ba zancen ɗaga murya ba ne.

Na taɓa yin aiki a wani gidan gajiyayyu a bayan Kiru, wanda wani mai hali ya gina don Allah, ya zuba tsofaffi a ciki, ya koma birni abinsa. Mu biyu ne masu aikin, ni da wata 'yar Riruwai mai saurin baki. Mu ne girki, mu ne wanki, mu ne wankan wanda ba ya iya tashi, mu ne kwasar fo. Safar hannu kuwa, leda muke ɗaurawa. Bayana har yau bai yafe wa gidan nan ba.

Amma aikin da ya fi cin ranmu shi ne rakiya.

Akwai wata tsohuwa da kowa ke ce wa Iya. Ruwan sama ya rushe mata ɗaki, ɗanta ya tafi kudu babu labari. Ita dai a wurinta ba zaman gidan gajiyayyu take yi ba, Allah ya kiyaye. Baƙunta ta zo. Kullum aka yi la'asar sai ta ɗaure ƙullin kayanta, ta yafa mayafi, ta ce, "To 'yan nan, na gode da karamci, zan koma tun da sauran rana."

Dole ɗayanmu ta ajiye muciya ta ɗauki ƙullin, a taka har gindin ɗorawar bakin titi. A nan ake fara roƙo. "Haba Iya, tun yanzu? Ki kwana mana, yau miyar kuka ce." Ta ce kajinta na jira. A ce don Allah. Ta ce awaki fa. A ce don Annabi. Sai ta nisa ta ce, "Kun cika naci. To, na yau kaɗai." In ba a yi haka ba, ba tuwo, ba maganin hawan jini, don a cewarta baƙuwar da ba a tsayar ba ba ta da bakin ci a gidan mutane.

Ran nan ina yi wa wani dattijo wanka, rakiya ta faɗa kan 'yar Riruwai, ga tuwonta a wuta. Ban daɗe ba sai na gan ta ta dawo ita kaɗai tana karkaɗe hannu.

Na ce, "Ina Iya?"

"Ta ce kaji, ta ce awaki, ta ƙaro agwagi. Na ce to Iya, sauka lafiya, a gai da mutan gida."

Na fita da kumfar sabulu har gwiwar hannu. Ga Iya tsaye da ƙullinta a ka, tana duban gabas, tana duban yamma. Na durƙusa na roƙe ta da duk abin da na sani. Ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "An sallame ni, 'yar nan. Wadda aka sallama ba ta juyowa, sai ka ce marar gida."

Ana haka wani ɗan achaɓa ya tsaya. "Iya, ina zuwa?" Ta buɗe baki, ta rufe. Sai na ja shi gefe na ce ya ɗauke ta a hankali, ya zaga bayan makarantar allo, ya sauke ta a ƙofar gidanmu. Ya ce ai ga ƙofar can yana gani. Na ce na sani, ka zaga dai.

Na ruga na wanke hannu, na shimfiɗa tabarma. Sai ga sallama.

"Maraba, maraba. Iya, ke ce a tafe? Yaya hanya?"

Ta zauna tana haki, ta ce, "Hanyarku ba kyau, duk ramuka. Ba don zumunci ba, wa zai zo?" 'Yar Riruwai ta kawo mata ruwa a kwano, har da durƙuso. Iya ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wannan tana da ladabi. Ba kamar wata da na baro can ba."

Ta cinye tuwonta tas, ta haɗiye magani, ta gargaɗe mu kada mu saba da ita, don gobe za ta wuce. Dattijon da na bari da rabin wanka kuwa ya leƙo da zane a wuya yana tambaya ko shi ma za a kira masa achaɓa.

To kai da ka ji, in tsohuwa ta ce maka gobe za ta koma gida, kai ne za ka buɗe baki ka tambaye ta wane gidan?