Yadda Na Ƙona Famfon Ƙauye Da Haruffa Bakwai

Ni ɗan Dogon Dutsi ne. Bayan na gama lise, wato sakandare, na koyi aikin kwamfuta, har wani ƙaramin kamfani mai kafa famfunan sola a ƙauyuka ya ɗauke ni. Kafin nan ina buɗe wayoyin da aka kulle a kasuwa, ban taɓa tambayar inda aka samo su ba. Daga nan zuciyata ta fara sabawa da rashin gaskiya.

Manhajar da muke rubutawa ita ke tsayar da famfo idan ruwan rijiya ya yi ƙasa. Duk gyaran da aka yi mata, kwamfuta na ba ta lamba mai haruffa arba'in, kamar zanen yatsa. Mu kuwa in za mu haɗa ta mu tura wa famfunan, bakwai na farko kawai muke rubutawa. Hadiza, abokiyar aikina, ta sha faɗa cewa manhaja biyu daban suna iya dacewa a bakwai ɗin. Aka ce ta cika tsoro.

Wani Alhaji mai lambun albasa wajen Ɗan Kassari, wanda ke jan ruwa daga famfon ƙauyensu, ya nemi in hana famfon tsayawa. Ya yi mini alkawarin babur.

Na cire umarnin tsayawar, na bar kwamfuta tana ta sassauya manhajar har ta fito da lamba mai farawa da haruffa bakwai irin na ta gaskiya. Na sa ta a madadin ta gaskiya. Mai duba aikinmu a kamfani ya ga haruffan sun dace, ya tura.

Da rani ya tsananta, rijiya ta ja baya, famfo ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Mutanen ƙauyen suka koma ɗibar ruwa da amalanken jaki daga nesa, dabbobi suka mutu.

Hadiza ce ta jera lambobin biyu a gabana, cikakku.

"Bakwai sun dace," ta ce. "Na takwas fa?"

Na takwas ya bambanta, asirina ya tonu. Jandarma suka zo, alƙali ya tura ni kaso.

Da na fito na je ƙauyen neman gafara. Wata tsohuwa ta saurare ni har ƙarshe, ta miƙo mini ruwa a ƙwarya ta ce, "Sha, ɗana, daga nesa ya zo."

Matasa masu wannan sana'a, ku rubuta lambar duka, ku duba ta duka. Kuma duk wanda ya ce ku taɓa abin da jama'a ke sha, ku tashi ku bar masa wurin.