Tanderun Mijina, Rumbun Inna

Mijina bai taɓa ɗaga wa mahaifiyata murya ba. Wannan kam ko a gaban wa zan faɗa. Duk zaman da Inna ta yi a gidanmu na Woolwich, a ƙasar Turawa, kullum da safe sai ya cire silifa a ƙofar ɗakinta, ya durƙusa, ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" Ita kuma ta ja mayafi ta kau da kai, irin kunyar suruka. Amma muna hawa sama sai ya fara: ɗakin ƙasa da Inna ke ciki ya kamata ya zama ofishinsa tunda daga gida yake aiki, Inna ta fara rikicewa, ƙaramar hukuma na da care home, gidajen kula da tsofaffi, masu kyau, har abincin halal suke bayarwa. Ni kuma amsata ɗaya ce. Uwata ba za ta kwana a hannun baƙi ba ina raye.

Rikicewar dai gaskiya ce. Takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, takan tambaya ko an ɗaure awaki. Amma ba ta taɓa cutar da kanta ba, kuma muddin haka ne babu mai raba ta da ni.

A wata shekara da aka yi zafi sosai ya kamu da ciwon tanderun pizza. A gidan wani Bature abokin aikinsa ya gani. Mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu ni ke hawa kujera in canza, sai ga shi a garden, filin bayan gida, da cebur da guga. Kuma in za a faɗi gaskiya ya yi aikin da kyau. Ya gina dakalin siminti, ya kwantar da kwalabe a kai don kada ƙasa ta shanye zafi, ya shimfiɗa jan bulo mai jure wuta. Ya tula jiƙaƙƙen yashi kamar an kife babbar ƙwarya, ya lulluɓe da jarida, ya bi kai da rabi-rabin bulo zobe bayan zobe har ya haɗe a sama. Da ya bushe ya yashe yashin ta baki. Daga nan ya naɗe ginin da wani farin abu kamar auduga mai sa ƙaiƙayin hannu, ya ɗaure da ragar waya, ya shafe da laka.

"Wannan bargon shi ne komai," in ji shi, yana bubbuga gefen ginin. "Ki gasa pizza yau da yamma, ki rufe bakin, gobe da safe ki sa burodi ba ki ƙara ko tsinke ba."

Inna tana kan kujerarta a bakin ƙofar baya, duk a gabanta aka yi. Ranar da aka gama ta dubi ginin ta ce, "Madalla, an yi rumbu." 'Yar manoma ce, a tsakanin rumbuna ta girma. Na yi dariya zan gyara mata, sai mijina ya riga ni. Ya durƙusa ya ce, "Naki ne, Inna. Ki ajiye duk abin da kike so."

Abu ɗaya Inna ta mallaka da take tsoron ya lalace, likkafaninta. Da ta je hajji ta tsoma shi a ruwan zamzam, ta shanya shi a ranar Makka, ta naɗe cikin wani tsohon zane. Gidajen nan kuwa danshi gare su, kusurwar ɗakinta har ta yi baƙi. Washegari na ga ta ɗauki ƙullin, ta tafi a hankali ta tura shi cikin tanderun, ta mayar da murfi.

Sabon tanderu ba a cika masa wuta kai tsaye, tsagewa yake. Sai an yi ta ɗan kunna ƙarama kullum da yamma, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har laimar ta fita. Don haka muka tsara. Da safe Inna na zaune tana gadin rumbunta, ba a taɓawa, in an taɓa kuka take kamar yarinya. In ta kwanta bayan azahar sai in ciro ƙullin in mayar ɗakinta, shi ya kunna 'yar wutarsa, kafin gari ya waye ta huce, Inna ta sake kaiwa. Da haka muka tafi lafiya lau.

Ranar Asabar ɗin da zai yi babbar wuta ya gayyaci abokansa, ni kuma ina da shift, aikin yini, a asibiti. Ina sa takalmi na ce, "Ka ga, ƙullin Inna na ciki. Tana kwanciya ka ciro."

"Haba, ai na sani," ya ce.

Na dawo da yamma garden cike da maza da hayaƙi. Wuta ta ci har bulon ciki ya yi fari, ana ta fito da pizza da naman tsire da yaji a kai, ana yaba shi. Wani ya miƙo mini yanki. Na ja mijina gefe na ce ina ƙullin. Ya dafa kai ya ce, "Subhanallahi, na manta."

Ƙarya yake. Bakin tanderun nan ƙarami ne, wanda zai jera itace sai ya zura hannu har kafaɗa, ƙullin kuma ya kai filo girma. Baƙi na tafiya na wanke shi tas, ban bar masa komai ba. Yana tsaye yana goge farantin katakon da yake ɗauko pizza da shi, ya ce, "Ki rage murya, kada Inna ta ji."

Ina da wata ƙawa 'yar zangon Kumasi mai ɗinki a Stratford. Na kira ta, ta ce akwai farin yadi, in zo da safe. Dabarata in naɗe shi a wani zanen kafin Inna ta gane. Da zan fita na ce masa, "Ka bar ƙofar baya a kulle. Kada ta fita sai na dawo." Ya ce to. Ya riga ya rufe bakin tanderun tun jiya, wai zai gwada burodi.

Ina cikin jirgin ƙasa, yadin na kan cinyata, wayata ta yi ƙara, mijina ne. Inna ta fita, ta ɗage murfi, ba ta ga ƙullinta ba, ta cusa hannu biyu cikin toka tana tono. Ƙarƙashin tokar garwashi ne jajir. Bargonsa ya yi aiki yadda ya ce.

A asibiti, bayan an naɗe mata hannuwa har gwiwar hannu, social worker, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, ta zaunar da mu a wani ɗan ɗaki. Na fara bayani, cewa wannan ne karo na farko, cewa zan rage shift, zan sa kwaɗo a ƙofa. Sai mijina ya ciro waya, cikin Turancinsa mai sanyi ya ce yana ganin ya kamata ta kalli wannan. Ya ajiye a tebur a tsakaninmu.

Bidiyo ne, hoton bai girgiza ba ko kaɗan, jingine wayar aka yi da tagar kicin. Tun daga fitowar Inna ya fara. Tana takawa, tana tsayawa ta gyara mayafi, tana takawa. Inna ba ta da sauri, ko gurgu zai cim mata kafin ta kai. Kusa da wayar kuma ana jin cokali yana zagaya kofin shayi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wa matar ta saurara da kyau, mijina yana tsaye yana kallo, shi ya buɗe ƙofar. Ta saurara, ta sake saurara, fuskarta ta canza. Ta yi rubutu mai tsawo. Sannan ta ce mini, da tausayi har a idonta, in haka ne to lalle gidan bai da aminci ga Inna, ba za su iya sallamarta zuwa can ba. Wato da bakina na ƙarasa masa aikin.

Daga asibiti aka wuce da ita care home. Ranar farko da na je ya biyo ni, ban yi masa magana ba tun daga gida har ƙofa. Ya cire takalmi a bakin ɗakin, ya durƙusa, ya ce, "Inna, ya jiki?" Ta laluba mayafi da hannun da ba ya kamawa, ta kasa ja. Ta ce mini, "Wannan shi ne ya gina mini rumbu. Ɗan albarka ne." Ta ɗaga hannuwan nan a naɗe ta shiga yi masa addu'a, Allah ya ba shi masu yi masa yadda ya yi mata. Ya sunkuyar da kai.

Inna ta juyo gare ni. "Ke, ba ki ce amin ba."

Na ce amin, da ƙarfi, yadda zai ji.