Ranar da Kawu Idi Ya Nemi Tashi da Mota

Kun dai san Kawu Idi: in ya shiga motar da wani ke tuƙi, ƙafarsa ta dama ba ta hutawa, sai taka totur ɗin da babu yake yi. Matuƙin jirgin soja ne a Nijar. Da ya aje kaki a shekarun tamanin ya zauna Lyon ta Faransa, sai ya sauko da haukan gudunsa ƙasa.

Ran da muka hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, za mu unguwar Belleville, tashi ya yi ya ƙwanƙwasa wa direba gilashi.

"Malam, gawa ka ɗauko?"

Bature bai ji Hausa ba, ni na kwashi kunyar.

A hanyar komawa Lyon kuwa shi ya ja motarsa, ina baya ina salati. Jandarma ya tsayar da mu.

"Monsieur, jirgi kake tuƙawa?"

"Ɗana, da jirgi ne, wa za ka tsayar?"

Ana nan sai ɗaliban injiniya na Villeurbanne, kusa da Lyon, suka ƙera wata motar tsere siririya kamar taɓarya, suka rasa mahaukacin da zai shiga. Kawu ya shiga, ya kafa tarihin gudu, ya ce bai ƙoshi ba. Ran da zai sake, a wani tsohon filin jirgi, matarsa Hajiya Rabi ta riƙe masa riga.

"Idi, ka ji tsoron Allah! Ka bar mini abin da za a yi wa sutura."

"Hajiya, matsa, iska na juyawa."

Motar ta wuce mu fiu! Kwalta na ƙarewa, ba alamar birki. Ashe da ya ga ƙarshen fili, hannunsa ya tuna tsohon aiki: ya finciko sitiyari zuwa ƙirji wai zai tashi sama! Sitiyari ya tsige, mota ta faɗa gonar masara.

Hajiya ta zube ƙasa. Can sai ga shi ya fito yana ɗingishi, sitiyari a hammata.

"Kai, nawa agogon gudu ya nuna?"

Sati guda Hajiya ba ta yi masa magana ba.

To, bayan duk wannan, ga shi a kan gadonsa ya cika, a hankali, hannunsa cikin nata. Ni har yau kewarsa nake. Allah ya jiƙanka Kawu, ya sa ka huta.