Motar Baba Ta Koyi Harbi

Motar babanmu ta girme ni. Wani ɗan kwangila da Baba ya yi wa direba shekara da shekaru ne ya bar masa ita ladan wahala: ja, doguwa, 'yar Amurka, mai ƙofa biyu da inji kamar na babbar mota. Bayan rasuwar Baba sai ta zauna bisa duwatsu a ƙofar gidanmu a Anka, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Ni dai zamanta a haka bai taɓa damuna ba.

Autanmu bakanike ne, kuma yana da hannu, ba don ƙanena ne nake faɗa ba. Shi ya tashe ta. Ranar da ta yi tari ta kama, Inna ta share hawaye, ta ce kamar maigidanta ne ya dawo daga tafiya.

A shekarun nan zinariya ta buɗe wa wasu samarin garin ido. Sun sayi sababbin motoci, duk Juma'a bayan la'asar sai su fita hanyar Gummi su yi tsere. Auta ya shiga sau ɗaya, suka bar shi a baya, wani mara kunya daga cikinsu ya ce masa ya mayar wa kaji ɗakinsu. Maganar nan ta tsaya masa a wuya. Na san shi tun yana goye, ba ya mantuwa.

Wata rana na taso daga makarantar firamaren da nake koyarwa, na biya garejinsa, na same shi yana walda. A gefensa ga wani ƙarfe a naɗe kamar katantanwa, wanda ya ciro daga wata tifa da ta faɗi a hanyar Bukkuyum.

"Mi kaka haɗawa kuma?" na tambaye shi.

"Tobo na, Yaya. Hayaƙin mota shi ka juya shi, shi kuma shi ɗura ma inji iska da ƙarhi. In na gama, ko ƙurata ba su gani."

Ya cire salansar da ke rage ƙarar hayaƙi, ya lanƙwasa bututai, ya huda murfin injin don abin ya samu wuri. Motar Baba ta koma wata halitta. In ya taka totur sai ta yi wani siririn fito mai shiga haƙori. In kuwa ya ɗaga ƙafa, sai ta saki ƙara, tau! tau-tau! har da wuta a bututu.

Ranar da ya fara gwada ta ya bi ta bayan makarantarmu. Ina tsaye gaban allo, kafin in juya rabin ajin sun kwanta a ƙasa. Yaran da suka kwanta duk 'yan ƙauyuka ne, waɗanda iyayensu suka gudo gari da ƙullin kaya tun da 'yan bindiga suka fara shiga garuruwansu. Babu wanda ya yi kuka a cikinsu. Sun dai rufe kai da hannu suna jira. Wannan shirun ya fi ƙarar tayar mini da hankali.

Da aka tashi, uwar ɗaya daga cikinsu ta zo ɗaukar 'yarta, na ba ta haƙuri na ce mota ce. Ta dube ni ta ce, "Malama, ki gaya ma mai ita kash shi bi hanyar ƙauye. Mu can gungume munka aje bakin gari. Da an ji harbi, mata da yara su faɗa cikin dawa, samari su jawo shi su tare hanya. Ba a tsayawa tambaya."

Ban ko cire hijabi ba na wuce gareji. Na gaya masa duka, na haɗa da zagi, don ni ba na iya lallashi in ina jin tsoro.

"Wa ab bai san motar Baba ba a hanyar ga?" ya ce yana dariya.

"Ƙara ka riga ka isa, wawa! Wa zai tsaya ganin launinta?"

Ya ce man ne da iska ba su daidaita ba, in ya gyara kafireta za ta daina. Ya yi ta kwancewa yana ɗaurawa, harbin bai daina ba, sai ma ya ƙaru. Na kai ƙararsa wurin Inna. Ta kira shi ta yi masa faɗa irin na uwa da auta, rabi faɗa rabi shafa kai. Ya durƙusa ya ce Juma'ar nan kaɗai, ya wanke sunansa, daga nan zai cire ƙarfen da hannunsa. Na ɓoye makullin a cikin tukunyar daddawa. Mutumin da ya tashi motar da ta shekara goma sha a mace, makulli ne zai hana shi? Waya biyu ya haɗa.

Damina ce, dawa ta fi mutum tsawo, daga cikin ƙauye ba a hango titi. Ranar Juma'ar ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji fiton motar yana nisa, har ya ɓace. Na kasa ci gaba. Inna ta ɗauko carbi ta zauna bakin ƙofar ɗaki.

Abin da ya faru daga bakin abokan tserensa muka ji. Tobo ya yi aikinsa. Ya bar su nesa, har ya zama shi kaɗai a hanya. Kafin wani ƙaramin ƙauye hanyar tana da kwana-kwana a jere, kowace kwana sai ya ɗaga ƙafa, kowace ɗagawa motar ta yi harbi. Mutanen garin suka ji harbi yana matsowa ta titi. Suka yi abin da suka saba. Gungumen yana bayan kwana ta ƙarshe.

Mutanen ƙauyen ne suka ciro shi daga motar bayan ta daki gungumen, su ne suka ɗauko shi bisa babur zuwa asibiti. Bai kai ba.

Ana zaman makoki sai ga su sun zo, dattijo ɗaya da samari a bayansa, ƙafafunsu duk taɓo. Aka shigo da dattijon har wurin Inna. Ya tsuguna nesa, ya cire hula.

"Inna, ni nac ce a jawo iccen. Wallahi mun ɗauka su na. Watan jiya sunka kashe muna mutane, ta hanyar nan sunka biyo. Ki yahe muna."

Na so in yi masa ihu. Amma ban ga abin da ya yi ba daidai ba.

Inna ta dube shi. Sannan ta ce, "Tashi, Malam. Da ina garinku rannan, da hannuna a cikin masu ja."

Ta sa aka kawo musu ruwa. Ni aka aika, kuma na kai.